Anti, labarin ya ƙafe mini

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa. Mai ita ta roƙi a sakaya sunanta, na sakaya. Na kuma rage mata tsawo.

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 29, 'ya'yana uku, autan bai kai yaye ba. Mu biyu ne a wurin maigida. Shekara uku ke nan ina rubuta labari a waya ina sakawa a guruf ɗin WhatsApp. Da kyauta nake yi, bara na mayar da shi na kuɗi, naira 500 kowane littafi, yanzu mata 180 ne a ciki. Da kuɗin nake sayen sabulu da takalman yara, har tunkiya na saya. Na yi musu alkawarin shafi biyu kullum, har ranar Juma'a. Sai yara sun yi barci nake taifin, wani lokaci har ƙarfe biyun dare, da asuba kuma na tashi. To Anti, wata biyu ke nan abin ya tsaya mini. In na riƙe waya sai kaina ya yi dum. Jarumar labarin ta baro gidan mijinta, na kai ta tasha da jaka a hannu, yau kwana goma sha ɗaya na rasa motar da zan sa ta. Abin da nake tura musu cikon shafi ne kawai, ni kaina na san shirme ne. Idona yana yaji, babban yatsana yana sagewa, ina yi wa yara tsawa ba dalili, maigida ya ce na auri waya. Labarin da nake so kamar raina, yanzu ko tuna shi ba na son yi. Ƙawata ta ce baki ne ya kama ni, ko wata marubuciyar ce ta yi mini asiri, in nemi taimako. Ni kuma tsorona kada a ce baiwar ce Allah Ya karɓe. In na tsaya za su watse, marubuta sun yi yawa. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, ya goyo, ya damina?

Kafin mu kai ga baki da asiri, zo mu yi lissafi irin na masu awo. Kin ce kina kwanciya ƙarfe biyu, ki tashi da asuba. Daga biyu zuwa biyar awa uku ne. A cikin ukun nan ma na tabbata autan yana tashin ki ko sau ɗaya ne. Likitoci sun haɗu a kan cewa baligi yana bukatar aƙalla awa bakwai na barci a dare. Ke nan kullum kina cin bashin awa huɗu, a mako awa 28, fiye da kwana guda da yininsa. Tun bara kike wannan cinikin. Mutanenmu kuwa sun riga sun ce ba a cin bashin barci. Ke kin ci, mai bashi ya zo, bai sami komai a ɗakin ba sai labarinki, ya ɗauke shi jingina.

Ban ce babu baki ba. Kambun baka gaskiya ne, ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki tofa wa kanki da yaranki. Amma wanda ya ga sawun kura a bakin garke ba ya zuwa bugun ƙasa don ya san abin da ya ɗauke masa akuya. Kada ki kwance tunkiyarki ki kai wa wani kuɗinta, ya runtse ido ya ce miki wata marubuciya ce a Gumel ta binne miki laya. Za ki dawo gida ba tunkiya, ba labari, ga gaba da baiwar Allahn da ba ta san kina yi ba.

Baiwar ma tana nan. Hujjata ita ce wasiƙarki. Wadda baiwa ta guje wa ba za ta bar mace a tasha da jaka a hannu ba, har ni da ban san sunan yarinyar ba na kwana ina tunanin ina za ta.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Ni 'yar marina ce. A ƙasar Kura aka haife ni, garin da rawaninsa, ɗan Kura, ya kai sunansa har Agadas wurin Buzaye. Ina yarinya ni ke kai wa mahaifina fura a karofi, in sami gindin bango in rakuɓe ina kallo. In za a haɗa sabon rami, sai a zuba ruwa da baba da toka da katsi, a dama da doguwar muciya, sannan a rufe a tafi. Kwanaki ake yi ana zuwa a motsa a sake rufewa, ba mai tsoma ko ƙyalle, har sai ya nuna, kumfa mai sheƙi ta taso a sama, wari ya cika wurin. Ranar da na fara lura da tsamo zane kuwa, kuka na kusa yi, na zaci ya lalace. Zanen da aka tsamo daga ramin baba ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa kamar ruwan kududdufi. Sai mahaifina ya matse shi, ya ware, ya ɗaga shi sama ya sha iska. A gaban idona launin ya riƙa juyawa, daga gefe-gefe zuwa tsakiya, har ya zama shuɗi. Sannan ya mayar da shi rami, ya sake tsamowa, ya sake ba shi iska. Haka za a yi ta yi, a tsoma a ɗaga, har ya yi baƙi wuluk irin wanda Buzu zai taya. Wani almajirinsa mai garaje ya taɓa danna zane a rami ya ƙi tsamowa, wai don ya kama da wuri. Mahaifina bai yi masa faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Rami yake ba da baba, amma iska ke ba da launi." Kuma ramin kansa yana gajiya. In an yini ana tsoma masa kaya, da yamma sai ka ga rinin ya yi rauni, a rufe shi a ce sai gobe. Da safe a buɗe a tarar ya dawo da ƙarfinsa, ba wanda ya taɓa shi cikin dare.

Ke shekara guda ke nan zanenki yana cikin rami. Ba ki taɓa ɗaga shi ya sha iska ba, ramin kuma ba ki taɓa rufe shi ya kwana ba. Yanzu kina mamakin ya ƙi kamawa.

Abin da marina suka sani da hannu, masu binciken ƙwaƙwalwa sun auna shi. A shekarar 2004, a jami'ar Lubek ta ƙasar Jamus, an ba wasu mutane wani lissafi mai tsawo wanda yake da ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, ba a gaya musu akwai ta ba. Suka gwada, aka sallame su. Wasu suka yi barcin awa takwas, wasu suka zauna ido biyu tsawon wannan lokacin. Da aka dawo da su kan lissafin, cikin waɗanda suka yi barci kusan shida cikin goma sun gano gajeriyar hanyar, cikin waɗanda ba su yi ba kuwa biyu da ɗan wani abu ne cikin goma. Ba wani ƙarin darasi aka yi wa na farkon ba, barci kawai suka yi. Abin da ke faruwa shi ne, in mutum ya kwanta ƙwaƙwalwa ba ta rufe shago. Lokacin ne take tsince abin da aka zuba mata da rana, ta adana na adanawa, ta haɗa sabo da tsoho. Barcin kuma zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kamar awa ɗaya da rabi, kuma barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa ya fi yawa a ƙarshen dare. Mai barcin awa uku zagaye biyu kacal take samu. Wato dai sashen da zai nemo wa jarumarki mota, shi kike yankewa kullum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta bayyana irin wannan gajiya da aiki ke jawowa in ya daɗe yana matsa wa mutum, ta kawo mata alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji ya tsani aikin ko zuciyarsa ta yi nisa da shi, sannan aikin ya daina kyau a hannunsa. Ki koma ki karanta wasiƙarki. Duka ukun kin rubuto mini su da yatsan nan naki mai sagewa.

In kuma zuciyarki tana raya miki cewa hutu lalaci ne, to ki tuna Wanda Ya halicce ki Shi Ya ce a Suratun Naba'i Ya sanya barcinmu hutawa, dare sutura, rana kuma lokacin neman abinci. Sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya ce ya yi azumi ya sha, ya yi salla ya yi barci, domin jikinsa yana da hakki a kansa, idonsa yana da hakki a kansa, matarsa tana da hakki a kansa. Annabi ya kuma taɓa shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar salla sai ta riƙe. Ya ce a kwance ta, kowa ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Duka biyun suna cikin Bukhari. To in an kwance igiya a kan nafila, ina ga shafi biyu na labarin soyayya?

Ba daga sama nake yi miki magana ba, ni ma na sha wannan ruwan. Shekarun baya ina koyarwa a firamare da safe, da dare ina rubuta wa wani gidan rediyo wasan kwaikwayo na mako-mako. Goro nake ci kamar tsohuwa don in kore barci. A wani shiri na kashe wani dattijo, aka yi masa jana'iza, 'yan wasa suka sha kuka har da sadakar uku. Bayan mako biyar, cikin magagi, na rubuta shi ya yi sallama ya shigo tsakar gida yana tambayar ina buta. Allah Ya rufa asiri mai fitowa a matsayin matarsa ta kama takardar kafin a naɗa, ta ce, "Malama, malam ɗin nawa fatalwa ya zama?" Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma da na koma gida kuka na yi, don na san ba mantuwa ba ce. Wata guda na ajiye biro. Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne, shirin bai mutu ba, ba kuma wanda ya mutu saboda rashina.

Na san duk wannan ba shi ne ainihin damuwarki ba. Kin san kin gaji, ba sai Anti ta gaya miki ba. Damuwarki mata 180 ne da kuɗinsu a hannunki, da alkawarin da kika ɗauka. A nan zan gaya miki gaskiya ko ba daɗi: alkawarin nan tun farko kuskure ne. Mace mai goyo, mai girki, mai kai abinci gona, ta ce shafi biyu kullum har Juma'a? Ke da kike 'yar Taura ai ke ya kamata ki fi kowa sanin ba a tauna biyu. Amma tunda kin ɗauka, sun kuma biya a kan haka, suna da hakki. Kada ki ɓace musu shiru, kada ki yi ƙaryar waya ta faɗa ruwa ko an yi rasuwa. Ki fito musu a mutum. Ga irin abin da za ki rubuta, ki gyara shi da bakinki:

"'Yan uwa, ina neman afuwarku. Jikina ya gaji, kuma kun ga yadda shafukan baya suka yi rauni, ba irin abin da kuka biya dominsa ba ne. Zan huta mako biyu. In Allah Ya kai mu zan dawo ranar kaza, daga nan kuma sau uku a mako zan riƙa sakawa: Asabar, Litinin da Laraba. Wadda ba ta amince ba ta yi mini magana in mayar mata da kuɗinta, ba komai wallahi."

Ki sa rana takamaimai, ki kuma cika ta. Za a yi gunaguni, wata ma za ta ce kin ci kuɗi kin fara yanga. Wasu za su fita. A ce ashirin suka karɓi kuɗinsu, naira dubu goma ke nan. Kuɗi ne, ban raina su ba, amma ki ɗora su a sikeli ɗaya, ki ɗora idonki da yatsanki da zaman lafiyar ɗakinki a ɗayan. Sannan ki lura, ba hutu ne yake korar mai karatu ba, cikon shafi ne. Matan nan ba yara ba ne, sun riga sun ji miyar ta salance, kunya ce ta hana su faɗa.

Batun za su manta da ke kuwa, dubi kasuwar Gujungu da ke maƙwabtanku. Sau ɗaya take ci a mako. Ta Maigatari sai Alhamis, ta Wudil sai Juma'a. Kin taɓa jin an manta ranarsu? Mutane har ƙirga kwanaki suke yi. Da kullum suke ci da tuni sun zama 'yan tebura a bakin titi. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Yanzu mako biyun nan, me za ki yi da su? A nan mata da yawa suke faɗuwa. Sai a ce an tafi hutu, a kwanta a katifa da waya a hannu, a shiga guruf ɗin wasu marubutan ana karanta nasu, ana ƙirga masu yaba musu, a leƙa TikTok, a leƙa Facebook, a dawo a duba ko wani ya yi maganarki. Wannan hutun jaki ne da kaya a ka. Idon da ya gaji shi ke aiki, yatsan da ya sage shi ke shafa gilashi, zuciyar kuma ta ƙara da kishi. In kin yi sallar isha'i ki kashe wayar, ki sa ta cikin kwalla ki rufe, ko ki damƙa wa maigida. Da rana ki kunna don kiran 'yan uwa, shi ke nan. Kwana uku na farko za ki ji kamar an cire miki haƙori, hannunki zai riƙa lalube a ƙarƙashin filo. Za ki kuma yi barci kamar wadda aka yi wa duka, ki tashi jiki ya fi da nauyi. Kada ki tsorata, bashi ne kike biya.

In da hali, ki roƙi maigida ya bar ki ki je ganin gida ko kwana huɗu ne. Mace a ƙauye ba ta da wurin hutu irin ɗakin uwarta, inda za a karɓi goyon a ce je ki kwanta. Maganarsa ta kin auri waya, kada ki ɗauke ta faɗa. Ƙorafi ne, kuma da gaskiyarsa a ciki. Ranar girkinki, bayan ya ci ya sha, ki ce masa, "Malam, maganarka na duba na ga haka ne, ga abin da na yanke, ina so ka taya ni." Namiji in aka ce masa ya yi gaskiya, rabin aikin ya ƙare. Ba ki faɗa mini yadda kuke da abokiyar zamanki ba. In da fahimta, ku yi musaya: ta riƙe miki yara bayan azahar ki yi ƙailula, ke ma ki riƙe mata wata ranar. Ƙailular kada ta wuce minti ashirin zuwa talatin, in ta yi tsawo sai ki tashi kai ya yi nauyi, dare kuma ya zo barci ya ƙi.

Ga wani abu da ba ki ambata ba, amma na hango shi. Labari ba daga waya yake fitowa ba, a waya ake zuba shi kawai. Littattafanki na farko da suka tara miki mata 180, daga ina kika samo su? Daga tsakar gida, daga habaicin kishiyoyi a gidan suna, daga abin da kika ji ana raɗa a bakin famfo, daga yadda kakarki take ja wa mutum magana ta nesa kafin ta sauke masa. Shekara guda kanki yana sunkuye, ana hira a gabanki ba kya ji. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ke kuwa kin daina sha. Ki je barka, ki je gaisuwa, ki ɗauki tabarma ki zauna kusa da uwar mijinki in tana ɓarar gyaɗa, ki taya ta, ki tambaye ta yadda aka kai ta ɗaki da abin da aka sa mata a lefe. Kada ki je da niyyar neman abin rubutu, za ta gane, ta kama bakinta. Ki je don hira.

Aikin hannu ma kada ki guje shi da sunan hutu. A 2014 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada mutane a zaune da kuma suna tafiya a ƙasa, suka ga sababbin dabaru sun fi zuwa wa mai tafiya, da kusan kashi 60 cikin 100. Ke ba sai kin ƙirƙiri yawo ba, ga hanyar gona nan. Ni kuma a nawa ganin surfe da tankaɗe da wanki duk suna yin wannan aikin, hannu yana abin da ya saba, zuciya ta tafi kiwo. Mafi yawan abin da na taɓa rubutawa mai kyau a bakin turmi ya zo mini, ba a kan tebur ba. Ki sayi ƙaramin littafi da biro ki ajiye kusa. In wani abu ya faɗo, ki rubuta layi ɗaya ki rufe, kada ki ce bari in ɗauko waya in fara.

Idan mako biyu sun cika, kada ki koma gidan jiya. Ki mayar da rubutu hantsi, a ranakun da ba ke ke da girki ba, bayan manyan sun tafi makaranta, awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Ranakun girkinki na girki ne da maigida. Ki kuma bar wa kanki Alhamis da Juma'a ko girki ko ba girki. Almajiran tsangaya da suke haddar Alƙur'ani ma ana ba su waɗannan ranakun, ba a kuma ce sun yi wasa da karatu ba. Abu mafi muhimmanci, ki yi rumbu. Kada ki sake tura shafin da kika rubuta a ranar. Ki bar shi ya kwana, da safe ki karanta da sabon ido, za ki ga ramukan da jiya ba ki gani ba. Kafin ki dawo musu ki tara shafi shida a ajiye, don ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ki ɗebo daga rumbu, ba daga barcinki ba. Littafi na gaba kuwa kada ki karɓi ko sisi sai kin rubuta rabinsa. Tsakanin littafi da littafi ki ɗauki wata guda cur, ki daidaita shi da lokacin da aikin gida ya fi yawa, kamar kaka ko azumi. Gawo da damina yake zubar da ganye, lokacin da kowace bishiya take taƙama da kore, ba kuma manomin da ya taɓa sare shi don ya zaci ya mutu.

Sai jikin. Rubutu cikin duhu da hasken waya a fuska shi ke sa idon yaji, don mai kallon gilashi yana rage ƙiftawa, ido ya bushe. In kina taifin, duk bayan minti ashirin ki ɗaga kai ki kalli wani abu mai nisa, ko dogonyaron bayan danga ne, ki ƙirga ashirin. Yatsan kuma hutu yake so. Ki gwada fara rubutawa a takarda, ko ki naɗi muryarki kina ba da labarin kamar tatsuniya, daga baya ki kwafe a hankali. Shayi da goro suna da sinadarin da ke kore barci, kuma bayan awa biyar da sha kusan rabinsa yana nan a jini, saboda haka daga la'asar ki haƙura da su. Duk wanda ya ce ki sha tiramol don ƙarfin aiki, ko ya miƙo miki ƙwayar barci daga kemis ba takardar likita, ki ce masa a kai kasuwa, balle ke mai shayarwa.

Ki kuma je asibiti a cikin mako biyun nan, ba sai kin kwanta ba. A auna miki jini, don ƙarancinsa ya yi yawa a masu goyo, kuma yana kawo kasala da ɗaurewar kai irin wadda kika kwatanta. A duba hawan jini, a duba zazzaɓin cizon sauro tunda damina ce. Ki nuna musu yatsan, in sagewar ta kai har cikin dare ko abu yana suɓuce miki. Sannan ki saurare ni da kyau a nan: in kin yi mako biyu kina samun barci amma zuciyar ba ta washe ba, kina kuka ba dalili, abinci ya fita ranki, ba abin da ke faranta miki ko wasan autan, ko kina jin gara ma ba kya raye, to wannan ya wuce gajiya. Ciwon damuwa ne, yana kama mata bayan haihuwa, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya kai tsaye, ki gaya wa wani naki da kika yarda da shi a ranar, kada ki jira.

Ita kuma baiwar Allahn da ke tasha, ki bar ta a nan. Ta sami benci ta zauna, ta sayi rake, ta ɗora jakar a cinya. Wanda ya saba shiga motar ƙauye ya san ba ta tashi sai ta cika, kuma ba a taɓa jin fasinja ya mutu don jiran mako biyu a cikin littafi ba. Kada ki matsa mata, kada ki tambaye ta ina za ta. Wata safiya kina tankaɗe ko kina wanke wa autan jiki za ki ji ɗan kamasho ya kira sunan wani gari, ki ga ta miƙe.

Ki rubuto mini bayan an yanke gero ki gaya mini wace mota ta shiga. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga ta Haɗeja, amma labarinki ne. Ki gaida maigida da abokiyar zama, ki shafa mini kan autan.

Taki,
Anti